Yadda Gwaggo Talatu Ta Hau Jirgi da Muzurunta

Duk wanda ya taɓa zama cin tuwo a gidan Gwaggo Talatu a Birchi ya san ba a sa hannu a kwano sai Kansila ya ci. Ko liman ne ya zo, sai ya jira. Za ta yanko loma, ta dangwali miya, ta ajiye a murfin kwano, muzurun ya taho yana rangaji ya shinshina, sannan ta ce, "To, bismillah." Sunan ma ita ta raɗa masa, wai don ba a ganinsa sai lokacin rabo. Ɓera kuwa, in dai Kansila ya taɓa kama ko ɗaya, to ba a idona ba.

Ni ce Hadiza, ɗiyar ƙanenta. A hannunta na tashi, shi ya sa duk abin da ya gagari dangi a kanta, ni ake turawa. Shekarar da ciwon zuciyarta ya tsananta, likita a Katsina ya ce aiki za a yi mata a Legas, inda ɗanta Yaya Nura yake zaune, kuma kada a wuce wata biyu. Jikinta ba zai ɗauki doguwar tafiya a mota ba, sai jirgi. Ya ƙara da cewa ba mai taɓa ta sai hawan jininta ya sauka, don haka ta bar man shanu da gishiri da soye-soye. Shekara nawa ana gaya mata wannan, amsarta ɗaya ce: "Miyar da ba man shanu ai wankin kwano ce."

Na taso daga Dutsin-Ma bayan an tashi makarantar da nake koyarwa, na zauna na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurare ni har na dasa aya.

"Da Kansila?"

"Gwaggo, asibiti fa za mu je."

"To ku gaida mutanen Legas."

Na yi lallashi, na yi kuka, na turo mata dattawan gari. Yaya Nura ya kira ya ce maƙwabta za su kula da muzurun, ta ce maƙwabtan da ba su iya kula da akuyarsu ba? Wallahi ranar ji na yi kamar in ɗauki muzurun nan in jefa a rijiya, Allah Ya yafe mini.

Da na ga kwanaki suna tafiya, na kira kamfanin jirgin, ina jin kunyar tambayar da zan yi. Ashe ana yi. Matar da ta ɗauka ta lissafo mini sharuɗɗa: a sanar da su da wuri, a kawo takardar lafiya daga likitan dabbobi da katin rigakafi, a sa shi a keji mai ƙofa da mashigar iska wanda zai shige ƙarƙashin kujera. In kuma nauyinsa da na kejin ya wuce abin da suka ƙayyade, to a ƙasan jirgi zai tafi, wurin kaya.

Muka kwashe shi sai wurin likitan dabbobi a Dutsin-Ma. Bawan Allah ya ɗauko biro zai cike kati.

"Hajiya, shekarunsa nawa?"

"Daminar da katangar Malam Sani ta faɗi aka haife shi."

"Shekara nake tambaya."

"To je ka tambayi katangar, ɗana, ni ba ni na gina ta ba."

Matar da sai an yi dambe kafin a yi mata allura, ita ce ta rirriƙe Kansila ana yi masa allurar rigakafi, tana cewa, "Daure, kai namiji ne." Aka gama aka ɗora shi a sikeli, sai ga Kansila ya zarce da kilo guda har da ɗoriya. Na gaya mata abin da hakan ke nufi.

"Wurin akwatuna? Kansila kaya ne?"

Likitan ya ce akwai dabara, a rage masa ci, a hana shi maiƙo da miya mai gishiri, a riƙa dafa masa ɗan kifi a ruwa. Da muka shiga mota Gwaggo ta ce, "Ni in ci mai maiƙo yana kallona? Ba a yin wanga rashin imani da ni."

Jama'a, tukunya ɗaya ta koma ɗora wa su biyu. Kwalbar man shanu ta bayar da ita kyauta, ita da ko ledar burodi sai ta wanke ta shanya. Maƙwabciyarta ta leƙo ta ga miyar, ta ce, "Gwaggo, yau wankin kwano ake sha?" Ta ce, "Rufe mani baki, mu jirgi za mu hau." Sati biyar aka yi a haka, ita tana tsaki, shi yana kuka. Da muka koma Katsina likita ya gwada jininta, ya sake gwadawa, ya cire tabarau.

"Hajiya, wa ya shawo kanki?"

"Ba kai ba dai."

Saura keji. Yaya Nura ya aiko da mai kyau daga Legas, na roba, da ƙofar waya. Gwaggo ta juya shi, ta yaba, ta ce abu mai shan iska haka ai asara ne a sa dabba, ta zuba daddawarta a ciki. Shi kuma Kansila ta sa aka sayo masa akurki a kasuwar Kurfi, ta shimfiɗa masa tsohon zane. Ban yi musu ba, na san hali. Ranar tafiya na juye daddawar a ƙwarya, na ɓoye kejin a bayan mota.

A filin jirgi ta dire akurkin a gaban ma'aikacin da ke karɓar kaya, tana gyara mayafi. Yaron kirki ne, bai yi dariya ba.

"Hajiya, wannan ai na kaji ne."

"Shi ya gaya maka?"

"In ya yage shi a sama ya fito, Hajiya, ina za mu bi mu kamo shi?"

Ta dubi akurkin, ta dubi faratan Kansila, ta ce, "Wanga yaro ya fi ku hankali." Na fito da keji, aka auna, ya tsallake da ƙyar. Amma akurkin ba ta yarda an bar shi ba, sai da aka manna masa takarda ya bi akwatuna, fanko, har Legas. Kejin kuma bai daina warin daddawa ba. Mutumin da ke kusa da mu ya yi ta waige-waige yana neman inda ake kaɗa miya.

Doka ta hana buɗe keji a cikin jirgi, kuma ga mamakina ba ta ko gwada ba. Ta dai zare takalmi ta jingina ƙafarta da ƙofarsa tun daga tashi har sauka. Ta damƙe hannuna ba ta saki ba, na ɗauka rashin sabo da jirgi ne.

Asibiti ba a shiga da dabba, don haka Kansila ya zauna gidan Yaya Nura. Na yi ta jiran rigima, shiru. Da safen ranar aikin, an sa mata rigar asibiti ana jiran a turo gado, na kasa haƙuri.

"Gwaggo, kwana uku ba ki tambayi Kansila ba."

"Mi zai same shi? Ko a Birchi aka bar shi, wanga ɓarawo ba ya kwana da yunwa."

"To duk wahalar nan da kika ba mu fa?"

Ta ce, "Tsoro nike ji, Hadiza. Tun ranar da likita ya yi magana ban ga kaina na dawo gida ba. In na ce tsoro, ku duka za ku zauna ku yi ta yi mani kuka. Da na ce kyanwa, ba ga shi kun yi wata biyu kuna dariya ba?"

Aka zo aka tura ta, ni kuma na zauna a benci na yi kukan da ta hana ni.

Aiki ya yi kyau. Shekara shida Allah Ya ƙara mana da ita, ta goya 'ya'yana biyu, ta yi musu faɗa son ranta, kuma a ɗakinta na Birchi ta cika, muna zagaye da ita. Na gode wa Allah da shekarun nan, na gode wa duk wanda ya yi haƙuri da mu a hanya. Allah Ya jiƙan Gwaggo Talatu, Ya haskaka makwancinta. Yadda ta ɗauke mana tsoro ta riƙe ita kaɗai, ya Allah Ka amintar da ita daga dukkan tsoro. Amin.