Sandar Da Kawu Bai Duba Ba

Laraba: Daga gida zuwa Jos

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar asuba, ni da Kawu Bala muka hau babur zuwa Wase. Kawu shi ne mai unguwarmu, ni kuwa an haɗa ni da shi ne don na iya karatun boko. Takardar koke muka ɗauko zuwa majalisar dokokin jiha, kan rafin da ke raba mu da asibiti duk damina. Sau biyu ana turo masu dubawa, duk da rani, su tarar da yashi, su tambaye mu ina ruwan. Ɗan majalisarmu ya ce in takardar ta shiga kafin su tafi dogon hutu ranar Alhamis, kwamitin ayyuka zai zo cikin hutun, rafi na cike. In ta makara, sai kaka.

Kawu ya naɗe takardar cikin leda uku, ya cusa a aljihun 'yar ciki. Ni da na rubuta ta ko taɓawa bai bar ni na yi ba.

Bakwai saura kwata motarmu ta tashi. Mun wuce Langtang, muka fara hawan duwatsun Pankshin, sanyi na shigowa ta tagar da ba ta rufuwa. A shinge na huɗu wani soja ya ga Kawu dafe da ƙirji.

"Baba, mene ne a ciki?"

"Rafi ne," in ji Kawu.

Sojan ya dube shi, ya dubi direba, ya ɗaga mana hannu. A Mangu muka ci soyayyen dankali da yaji, ƙarfe ɗaya da minti ashirin muka shiga Jos ana yayyafi. Muka sauka a unguwar Dilimi gidan Alhaji Sani tela, surukin Kawu, aka cika mu da gwate mai zafi.

Alhamis: A majalisa

Tara da rabi muna bakin ƙofa. Ɗan majalisarmu yana wani taro a ciki, sai ya aiko mesinja ya karɓi takardar. Kawu ya ce ina, mutum ɗari da wani abu suka dangwala yatsa a kai, hannu da hannu zai ba ɗan majalisar. Na yi magiya, ya ce, "Isiyaku, kai yaushe aka haife ka?" Muna wannan ja-in-ja aka shigo da kakakin majalisa, wani mai baƙar kwat a gaba ɗauke da doguwar sanda mai ƙyalli, ya ɗora ta kan tebur. Aka rufe ƙofa, mu kuma aka haura da mu benen 'yan kallo.

Aka kira lokacin koke-koke. Mutuminmu ya ɗago kai ya dube mu, Kawu ya ɗaga masa hannu da fara'a, takarda na aljihu. Aka wuce.

Sha biyu da kwata kakaki ya faɗi wata magana da Turanci da sauri, ya buga guduma, ya miƙe. Kowa ya miƙe, zauren ya watse. Kawu ya ce, "Sun tafi ke nan. Tashi mu kama hanyar tasha." Gaskiya raina ya ɓaci ƙwarai. Bara a kan ƙyauren ɗaki muka tsallakar da mahaifiyata rafin nan, ruwa har wuya. Na kasa ko kallon Kawu.

A matakala wata ma'aikaciya mai suna Madam Nanret ta tare mu, rungume da fayiloli.

"Baba, ina zuwa? Ba a gama ba."

"'Yata, ai mun ga an watse."

"Ka ga sanda ya fita?"

Kawu ya ce shi mutane yake kallo, me zai yi da sanda. Ta ja mu muka leƙa. Ga sanda kwance kan tebur, ita kaɗai a zauren.

"In oga kakaki ya tashi sanda yana nan, ɗan dakatawa ne, minti talatin za su dawo. Ɗage zama kuwa, sai shugaban masu rinjaye ya kawo ƙudiri, wani ya goya baya, a tambayi kowa, a faɗi ranar dawowa. Sannan a ɗauki sanda. Kafin nan kar ka motsa, Baba."

Ban san Kawu na da gudu ba sai ranar. A baranda ya cafke ɗan majalisarmu yana shan ruwa, ya warware leda uku ɗaya bayan ɗaya, bawan Allah na tsaye yana duba agogo. Da aka koma, ɗan majalisar ya nemi izinin kakaki tunda lokacin koke ya wuce. Aka yarda, ya karanta sunan garinmu, aka miƙa wa kwamitin ayyuka. Biyu da minti goma aka kawo ƙudirin tafiya hutu. Kawu bai tashi ba sai da sanda ta ɓace ta ƙofa, sannan ya ce mini, kamar shi ya koya wa Madam, "Yanzu aka ɗage."

Juma'a: Komawa

Shida na safe muka bar Dilimi. A hanya Kawu ya koya wa direba, da 'yan mota, da sojan nan na shinge na huɗu, dokar sanda. La'asar muka isa, muka tuɓe takalma muka tsallaka rafin, ruwa iya gwiwa.

Bayan mako uku kwamiti ya zo, washegarin wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Motocinsu suka tsaya a wancan gaci, mu muna wannan gaci da tuwo da kajin da mata suka dafa musu. Kusan sa'a guda suna ɗaukar hoto, babu wanda ya yi gigin sa ƙafa. Kawu ya haɗa tafukansa a baki ya ƙwala musu sannu da zuwa, ya ce su ƙaraso mana, abinci na hucewa. Da na juya sai na ga yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Mun gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Mun gode wa Alhaji Sani da iyalinsa, da Madam Nanret wadda ta tare mu a matakala. Kajin kuwa mu muka cinye.