Jan Zare a Wuyan Barkono

Bana shekara tara ke nan da rasuwar maigidana Yohanna, wanda mutanen Tudun Wada suka fi sani da Baban Rahila. Ma'aikacin gonar gwaji ne a wajen Kwalkwalawa, kuma rabin rayuwarsa a kan barkono ta ƙare. Ni malamar firamare ce, da can abin da na sani game da barkono bai wuce dakansa ba. Yau ga ni, tsohuwa ni kaɗai a gida, ina gadin kunyoyin barkono biyu da ya bar mini a bayan ɗakinmu.

In ka gan su sai ka yi dariya. Na kunyar farko gajere ne, 'ya'yansa ƙanana, amma yaji kamar wuta, kuma zafin Sakkwato bai dame shi ba. Na biyun dogo ne mai manyan 'ya'ya, sai dai rago ne na ƙarshe, rana kaɗan ta taɓa shi ya zubar da fure. Ko kyauta aka ba manomi ba zai karɓa ba. Amma in aka ɗebi garin furen dogon aka shafa wa furen gajeren, irin da ya fito yakan fi iyayen biyu komai: ya yi reshe, ya zuba 'ya'ya manya masu yaji, ya jure rana. Shi ake kira iri mai aure.

Da hannu yake yin aikin. Da yamma ya tsuguna da matsefata, ɗan ƙarfen nan na cire ƙaya, ya ɓare furen da bai buɗe ba, ya tsince 'yan sandunan da ke ɗauke da gari. Da safe ya shafa garin dogon, ya ɗaura jan zare don shaida. Zaren ɗinkina haka ya ƙare. Gidan sauronmu ma ya kwashe ya lulluɓe kunyoyin don kada ƙudan zuma su gauraya masa iri. Mun sha faɗa a kan wannan, ni ina mita shi yana murmushi.

Ina tuna Malam Umaru, wani manomin fadama da ya fara karɓar irin. Shekarar farko har da kaza ya zo godiya. Sai ya yi abin da kowane manomin kirki yake yi, ya ware manyan 'ya'yan ya shanya don iri. Da shekara ta kewayo gona ta fito birkice, wani dogo, wani gajere, wani ba yaji. Ya iso ƙofarmu ransa a ɓace.

"Malam, wanga tonka naka ba ya da amana," in ji shi, da yake tonka suke ce wa barkono a nan. "Bara ya yi, bana kowane da halinai."

Yohanna ya ja shi wurin kunyoyin ya nuna masa iyayen. Ya ce ƙarfin na 'ya'yan fari ne kawai, jikoki watsewa suke yi, kowace shekara sai an koma wa waɗannan biyun. Malam Umaru ya daɗe yana kallonsu. Tun daga nan bai sake fashin zuwa ba, har bayan rasuwar Yohanna, sai da shi ma ƙasa ta rufe masa ido.

Yanzu kantunan iri sun cika da iri mai aure a 'yan ledoji masu hoto. 'Ya'yan Malam Umaru can suke saye. Nakan tambayi kaina abin da Baban Rahila zai ce. Na san zai yi murna manoma sun yarda da abin da ya sha bayani a kai. Na kuma san zai juya ledar nan ya tambayi su wane ne iyayen, a ina suke, ko sun taɓa ganin ranar Sakkwato.

'Yarmu Rahila tana Abuja. Duk ta kira sai ta ce, "Mama, ki bar ciyawar nan ki dawo wurinmu." Ba laifinta ba ne. Amma irin barkono ba ya jure ajiya a zafin nan. In na tsallake shuka, dogon nan zai mutu, kuma babu wani wuri a duniya da za a sake samo shi. Gaskiya kaɗaici yana damuna, ba na ɓoyewa.

Sunansa ba ya kan kowace leda. Waɗanda suka ci amfaninsa sun tafi ko sun manta. Abin da ya rage shi ne kunya biyu da hannuna, hannun kuma ya fara rawa, ido ya yi rauni. Bana na lalata fure ba adadi, matsefata tana tsinke su. Makon jiya na ɗaga gidan sauro, sai ga guda ɗaya ya kama, ɗan kore, da jan zarensa a wuya. Na miƙe da sauri na juya wajen ƙofar ɗaki, har na ce, "Baban Rahila, zo ka gani."