Laburare Daga Dama

Jiya warin man zafi ya tuno mini da dattijon nan mai yawan shafa shi, wanda ya koya mini haɗa manhaja a Karaye, shekarar korona. Wata rana na gina laburarena, wato damin aikin da ake ɗinke wa manhaja a jiki, amma haɗin ya ƙi. Hannuna ya saba da ajami, sai na jero umarnin daga dama, laburaren ya rigayi manhajar, alhali bayanta yake zuwa.

Dattijon ya tara ɗalibai. “Ku zo ku ga Alaramma! Kwamfuta ba allo ba ce.” Ya goge aikina, ya kore ni.

Ranar jana'izarsa liman ya tambaya, “Akwai mai bin sa haƙƙi?” Na daɗe kafin na ce na yafe. Allah Ya yi masa sassaucin da shi dattijon bai yi mini ba.