Ɗamarar da Ta Hana Ni Sujada

Salamu alaikum jama'a. Masu aiko min saƙo suna cewa "Hajiya Talatu ko ƙaura kika yi?", ga ni, ina nan Kubwa ban je ko'ina ba. Jinya na yi, irin wadda mace ke jin nauyin faɗa wa ko 'yar cikinta, shi ya sa kuka ji ni tsit.

Yau dai zan faɗa, don na san ba ni kaɗai ba ce.

Da ɗigon fitsari abin ya fara. In na yi tari ko atishawa sai in ji na jiƙe. Kun san ni da dariya, to har ita na koma haɗiyewa. Daga baya wani ciwo ya zauna min a mara, ya zagaya ƙugu, kamar an rataya min dutsen niƙa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne salla. In yi alwala tsaf, ina sunkuyawa ruku'u sai alwalar ta karye. Malamarmu ta Islamiyya ta ce mai lalura an yi mata sauƙi, in sabunta alwala kowace salla in ci gaba da abina. Hankalina ya ɗan kwanta, amma ciwon bai san da fatawa ba. Sujada ta gagare ni, ina durƙusawa sai in ji kamar kayan cikina za su zubo. Na koma salla a kan kujerar roba. Wallahi na sha kuka, ina tsoron in koma ga Allah goshina bai sake taɓa ƙasa ba.

Ni kuma sarkin dabara, sai na koma wa abin da na sani. Lokacin da gwamnati ta taso daga Legas aka kwaso mu ma'aikata zuwa Abuja, ina aikin buga takardu, da ɗanyen jego na zo. Ba uwa kusa, ba goggo, gari duk jar ƙasa da ginin da ba a ƙarasa ba. Wata dattijuwa a maƙwabtanmu ce ta koya min ɗaure ciki da zani tamau, ta ce shi ke mayar da komai mazauninsa. Kowace haihuwa haka na yi. Da wannan ciwon ya zo sai na ci ɗamara tun safe har in kwanta. Ruwa ma na rage sha, wai don kada a sami abin zubowa.

Ashe garin neman gira ido nake shirin rasawa.

'Yata Hauwa ce ta gano ni. Ta ce, "Umma, wannan shanyar zannuwan kullum ta mece ce?" Na ce zafi ake yi. Ta ce, "Saka mayafinki, asibiti za mu."

Aka yi gwajin fitsari, aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Ɗan fanshona ya ji jiki. Ina zaune kan benci ina jiran sakamako, ba abin da nake tunani sai ciwon daji. Likita ya ce babu ƙari. Naman da ke tallafe da mafitsara da mahaifa daga ƙasa ne ya gaji, wani wajen ya saki, wani wajen ya ƙanƙame. Ya tura ni sashen fisiyo, masu gyara jiki da motsa gaɓɓai.

Ba allura, ba ƙwaya. Na fito ina ƙunƙuni.

Can na haɗu da Sista Rifkatu, 'yar Kwali, mai Hausar Abuja, irin wadda namiji da mace duk "kai" ake ce musu. Tana ɗaga rigata ta ga zanin, ta riƙe baki.

"Mama, wane ne ya ɗaure ka haka? Kai buhun masara ne?"

Dariya ta ƙwace min, abin da nake gudu kuwa ya faru a kan gadonta. Ko a jikinta. Ta miƙo min tawul ta ce, "In ka matse tsakiya, nauyi ina zai je? Ƙasa zai je, wurin da ya riga ya gaji. Kwance shi. Jikinka yana da nashi ɗamara, shi za mu tayar."

Numfashi ta fara koya min, ni da na haifi biyar. In kwanta rigingine, in ja iska har ciki ya taso, in sake ta a hankali. Sai da jikin ya koyi saki sannan muka shiga ƙarfafawa. In tanƙwara gwiwa, in matse mazaunai, in ɗaga ƙugu sama. In kwanta ta gefe ina buɗe gwiwa ɗaya. In yi rarrafe, in miƙa hannun dama da ƙafar hagu. Mace da jikoki tana rarrafe a tabarma, ai dole ki kulle ƙofa.

Ba dare ɗaya aka warke ba. Na yi watanni, akwai satin da ciwon ya dawo har na ce na fasa, Hauwa ta shimfiɗa tabarma ta ce tare za mu yi.

'Yan'uwana mata, ku ji ni. Ɗigon fitsari ba dole ba ne don an tsufa ko an haihu da yawa. Kada ku hana kanku ruwa, kada ku yini a ɗaure. Ku je a duba ku tukuna, kuma kada ku kwaikwayi motsin da na lissafa sai an nuna muku, don na wata ba shi ne na wata ba.

Rannan da la'asar na tayar da salla a tsaye, da niyyar in na gaji in zauna. Na yi ruku'u, shiru. Na sauka a hankali ina fitar da numfashi yadda aka koya min, sai ga goshina a ƙasa. Na daɗe ban ɗago ba, har Hauwa ta tsorata ta zo ta dafa ni.

Allah Ya saka wa Hauwa da Sista Rifkatu da alheri, Ya ba marasa lafiya lafiya. Ni kam alhamdulillahi, abin da na roƙa ke nan, kuma an ba ni.