Abin da Kwamfuta Ta Gyara a Foldar Malama

A shekarun da ake binciken waya a kowane shingen jami'an tsaro, ina da ɗan shago a unguwar Mafoni inda nake wanke hoto da tura karatu a waya. Mutane suka ɗauki wata al'ada: wanda zai yi tafiya sai ya kawo mini wayarsa, in kwashe hotunan in ajiye a kwamfutata, ya goge nasa, don kada wani hoto ya jawo masa tambaya a hanya. Kowa da foldarsa. Ban taɓa haɗa na wani da na wani ba.

Akwai wata malamar firamare, mutuniyar kudancin Borno, da ke zaune a unguwar Wulari. Mijinta ya kawo mini ajiya kafin ya tafi duba gonarsu. Bai dawo ba, wayar ma haka, gidansu na ƙauye kuma ya ƙone da duk abin da ke ciki. Ta ce za ta zo ranar Asabar in wanke mata hotunan, domin yaranta sun fara manta kamanninsa.

Dokata wajen tashi ba ta canjawa: a rufe aiki, a kashe kwamfuta, sannan janareto, sannan ƙofa. Amma janareton na haɗaka ne, ni da maƙwabcina tela. Ranar Alhamis da la'asar, ina cikin tsara hotunan Malama, aka ji ƙarar fashewa daga wajen kasuwa. Tela ya kashe janareto bai tambaye ni ba, muka watse.

Washegari da na kunna, sai allon ya yi baƙi, farin rubutu yana ta gudu. Kwamfutar tana binciken rumbun ajiyarta da kanta. Ban taɓa komai ba. Ta ce ta yi gyara, kafin in karanta sauran rubutun ya ɓace. Na buɗe foldar Malama, wayam.

Tela ya leƙo yana ba ni haƙuri. Ya ce in kai ta kasuwa a goge komai da ke cikinta, Malama kuma a ce mata ƙaddara ce.

Na ce, "Kai in ka gyara riga, ba ka san inda ka ɗinke ba?"

"Na sani mana."

"To ita ma ta sani. Sai ta faɗa mini."

Mataki na farko, na rufe karɓar aiki, don kada sabon abu ya hau kan wanda nake nema. Na biyu, na tuna a 'yar makarantar kwamfuta da na yi an ce duk abin da ta aikata tana rubuta shi a wani wuri. Na lalubo wurin. Rubutu ne tuli, sai na bi lokaci, na tsaya a kan na safiyar nan. Turancina na sakandare ne, don haka na ɗauko ƙamus na bi layi-layi har bayan sallar Juma'a.

Ga abin da ta ce. Wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki, sai hotunan suka rabu da sunayensu. Da ta tsince su ba suna, ba ta zubar ba. Ta tattara su a wata ɓoyayyiyar folda. Na uku ke nan, na umarce ta ta nuna abin da ta ɓoye. Ga su nan jere, lambobi kawai. Na kwafe su a memori tukuna, sannan na riƙa sauya ƙarshen sunan kowanne zuwa na hoto, ɗaya bayan ɗaya. Gona ta fito. Bikin coci ya fito. Wasu sun lalace sarai, wasu rabinsu toka-toka.

Ranar Asabar Malama ta sauka daga keke mai ƙafa uku da 'ya'yanta biyu. Ban ɓoye mata komai ba: na faɗa mata abin da ya faru, da abin da aka gyara, da abin da ba zai dawo ba. Hoton da ya fi fito da fuskar mijin, daga ƙirji zuwa ƙasa babu komai. Na ce zan iya yanke wurin da ya ɓaci.

"Baba, wanke shi yadda yake," in ji ta. "Fuskar nake so."

Na sa takarda mafi kyau da nake da ita. Da ya fito, babbar 'yar ta karɓa da hannu biyu, ta durƙusa ta nuna wa ƙanwarta, tana faɗa mata ko wane ne.