Shekarar da Nadine Ta Shiga Tsere

Ƙanwata Nadine ba ta taɓa cewa tana son tseren mota ba. Mu duka a Corvin muka tashi, a tsakiyar gonakin masarar jihar Iowa, kuma duk wanda ya tashi a Corvin da ƙarar filin tsere ya girma. Daga watan Afrilu har a fara girbi, kowace Asabar da yamma sai tagogin gari sun yi rawa. Ni tun ina saurayi nake tuƙa tankar ruwan da ke jiƙa ƙasar filin, har yau kuma ni ke yi. Ita kuwa sai dai ta zo da bargo ta zauna a benci, ta ci dafaffiyar masara, ta tafa wa wanda ya ci, ta koma gida. Aikinta tuƙa bas ɗin makaranta. Ta yi sama da shekara ashirin tana kwasar 'ya'yan mutane a hanyoyin gona, ko kaza ba ta taɓa takawa ba.

Mijinta Vern ne mai ciwon tseren. Mai walda ne, kuma tun yana matashi wani ɗan ƙarfe ya tashi ya tsiyaye masa idon hagu. Filinmu zagaye yake, kwana duk hagu ake sha, don haka maganar Vern ya yi tsere ta mutu tun ba a fara ta ba. Sai ya mayar da burinsa kan ɗansu Garrett. Ya sayo wata tsohuwar mota ƙirar Chevrolet, ya cire kujeru da gilasai, ya yi mata kejin ƙarfe a ciki, ya shafe sanyi biyu a gareji yana fama da inji. Da motar ta kammala, Garrett ya zauna a teburin cin abinci ya ce ya sami gurbi a makarantar koyon girki a birnin Omaha. Ya tafi. Motar ta kwana a ƙarƙashin tamfol har ƙanƙara ta narke.

Ina gidan ranar da Vern ya fito da ita bakin titi ya jingina mata allon sayarwa. Nadine tana shanya, ta ajiye kwandon kaya ta zo ta tsaya.

"Vern, ɗauke allon nan."

"In ɗauke in yi yaya da ita? In shuka fure a ciki?"

"Ni zan tuƙa."

Vern ya yi dariya, ni ma na taya shi. Ita ba ta yi ba. Ta ɗauki allon da kanta ta jefa bayan a-kori-kura, ta koma ta ci gaba da shanyarta. Lokacin tana gab da shekara hamsin.

Ranar tserenta na farko aka manna mata rawayan ƙyalle a bamba ta baya, alamar sabuwar shiga, don na baya su san ba a amince da hannunta ba tukuna. Da ta zauna a kujera aka ɗaure ta da bel, sai ta ɗaga kai tana neman madubi.

"Ina madubin?"

"Babu," in ji Vern. "Doka ta hana."

"To yaya zan ga na bayana?"

"Ba ki da kowa a baya, Nadine. Gaba za ki duba."

Kusan rabin direbobin rukuninta na tsere yaran da ta kai makaranta ne. Tanner Boyle, wanda ta sha zaunar da shi a kujerar gaba saboda rashin ji, ya leƙo ta taga da hular kwanonsa a hannu.

"Malama Nadine, in kin zo kwana za ki tsaya ki kunna jar fitila mu tsallaka?"

"Kai dai ka tabbata ka yi fitsari kafin a tashi," ta ce. "Na san halinka."

Duk wanda ke wurin ya fashe da dariya, Tanner ya koma motarsa kunnuwa ja wur.

Bakinta ne kawai ya ci a ranar. Da aka kaɗa koriyar tuta, motoci suka zabura kamar an buɗe wa shanu garke, ita kuma ta bi su a hankali. Duk wanda ya matso kusa da ita sai ta kauce ta ba shi hanya. Na gaba suka zagayo suka wuce ta, suka sake zagayowa. Ta ƙare ta ƙarshe. Da ta fito, fuskarta duk laka sai wurin tabarau, ta zagaya bayan tirelar da muke ɗauko motar a kai ta yi amai. Na miƙa mata ruwa, ta kurkure baki.

"Russ," ta ce da ni, "wata Asabar ma akwai, ko?"

Haka watan Mayu da Yuni suka wuce. Ta daina zama ta ƙarshe, amma ba ta yi nisa da can ba. Kafin a fara sai ta zo ta same ni mu taka filin tare, ta riƙa caka sukudireba a ƙasa tana tambayata inda ya sha ruwa da inda zai bushe ya yi santsi. Tuƙin bas ya koya mata taka birki kafin kwana. Nan kuwa so ake ka jefa motar cikin kwanar, ka bar bayanta ya zame, ka riƙe ta da totur. Duk abin da ya sa ta zama direbar da iyaye ke yabo, shi ne ya zame mata cikas.

Vern bai sauƙaƙa mata ba. Yakan tsaya a jikin shinge yana ɗaga hannuwa, yana ihun da ba mai ji. A hanyar gida kuma ya fara bita, kwana bayan kwana.

"A ta uku me ya sa kika ɗaga ƙafa? Ƙofa a buɗe! Da ni ne..."

Wata rana ta tsayar da a-kori-kura a gefen hanya, tirela na biye, ta juyo ta dube shi.

"Ba kai ba ne, Vern. Na san ka so a ce kai ne. Ni ma na so maka. Amma ni ce a ciki, kuma ba zan iya tuƙa ta da kai a kunnena ba."

Ina kujerar baya, na mayar da idona kan masara.

Haɗarin ya zo a watan Yuli, makon baje kolin gunduma, lokacin da benci ke cika maƙil. Rana ba ta gama faɗuwa ba. Nadine ta tashi da kyau, ta wuce mota biyu, sannan ta bi ta ciki ta wuce Tanner, abin da ba ta taɓa yi ba. Shi kuma ya ƙi yarda. A kwana ta gaba ya cusa kan motarsa inda babu wuri, ya daki bayanta. Motar ta juya, ta bugi katanga, ta tashi sama ta kife.

Aka ɗaga jar tuta, aka tsayar da tsere. Na diro daga tanka ina gudu, amma Vern, da gwiwoyinsa marasa kyau, ya riga ni isa. Ya kwanta a laka yana leƙa taga yana kiran sunanta. Tana rataye a bel, kanta ƙasa.

"Kun ga na wuce shi?" ta ce. "Kafin ya buge ni. Kun gani?"

A asibiti aka ce haƙarƙari ɗaya ya tsage, kafaɗa kuma ta ƙuje. Motar kuwa gabanta ya murɗe, lagireto ya fashe, rufin ya lotsa. Vern ya tura ta gareji ya rufe, ya ce shi da hannunsa ba zai ƙara taɓa ta ba.

Garrett ya zo daga Omaha a ƙarshen makon, ransa a ɓace. Tun daga bakin ƙofa ya fara.

"Baba, kai ka jefa ta cikin wannan. Ni na tsere maka, sai ka kama Mama."

"Ba wanda ya jefa ni," in ji Nadine daga kan doguwar kujera, tana dafe da gefenta. "Zo ka gaishe ni tukuna."

Shi ya yi mana girki a ranar, gasasshen nama da dankali, da wata miya da ban san sunanta ba. Muna cikin ci ya ajiye cokali ya ce da babansa tun ranar da aka kawo motar nan yake tsoronta, bai dai san yadda zai faɗa ba. Vern ya ɗago kai daga farantinsa.

"Da ka faɗa," ya ce.

"Da ka ji?"

Vern ya nemi ƙarin miya, ya ce bai taɓa cin irinta ba.

Ranar Lahadin da ta biyo, bayan an taso daga coci, na tarar da Nadine a gareji ita kaɗai, tana kankare busasshiyar laka daga jikin motar da hannu ɗaya. Na ɗauki ƙarfe na kama mata. Na ce da ita ba wanda zai ga laifinta in ta tsaya a nan.

"Na sani," ta ce. Ta ci gaba da kankara. "Russ, tun ina budurwa kullum akwai wani a bayana. Na yi jinyar Mama. Na goyi Garrett. A bas kuwa rabin idona na kan hanya, rabi na kan madubi, ina duba ɗan wa ya tashi tsaye, ɗan wa ke kuka. Ba ƙorafi nake ba, ina son yaran nan. Amma in na shiga motar nan aka ɗaure ni, ba kowa a ciki sai ni. In na yi kuskure nawa ne. Ban san akwai irin wannan hutun ba."

"Hutu? Kife ki aka yi fa."

"To ai ni kaɗai aka kife," ta ce, ta yi dariya, ta kama haƙarƙari tana zagina don na sa ta dariya.

Da la'asar sai ga a-kori-kurar Hoyt Boyle, baban Tanner, ɗauke da lagireto da ƙarafan gaba da ya ciro daga wata motarsu. Tanner ya sauko ya tsaya a bakin gareji yana murza hula.

"Malama Nadine, ni dai... wurin bai kai ba, na sani. Na ga kin wuce ni ne sai kaina ya ɗau zafi."

"Na sani. Haka kake tun kana aji uku. Daina murza hular nan, ɗauko safana."

Muka hau aiki. Vern yana kicin, muna ganin inuwarsa a taga, yana wanke kofi ɗaya tun ɗazu. Ya daure har Hoyt ya kunna injin walda ya fara liƙa ƙarfen gaba. Sai muka ji an buɗe ƙofa.

"Hoyt, wa ya koya maka walda? Makaho?"

"Ka ji mai ido ɗaya na magana," in ji Hoyt, ya miƙa masa kayan.

Vern bai tsaya a gyaran gaba ba. Ya ƙara ƙarafa biyu a gefen ƙofarta, ya sauya kujerar da wadda ke riƙe kai, ya duba kowane ƙusa sau biyu. Da likita ya sallame ta ta koma fili a watan Agusta, wani abu ya canja a wurinsa. Ya daina ihu, ya kuma daina kallo. Da an kaɗa tuta sai ya juya wa filin baya, ya jingina da shinge, ya sunkuyar da kai yana sauraron injin. Ya ce yana gane muryar tasu a cikin duka motocin, kuma in dai yana jin ta, ya san matarsa na kan tayoyinta. In ta fito, tambaya ɗaya yake mata: me motar ke bukata?

Ita ma tuƙinta ya canja. Na zaci haɗarin zai sa ta ƙara ɗari-ɗari, sai ya zama akasin haka. Ta ce ta ga abin da take tsoro, kuma ta fito daga cikinsa da ƙafarta. Ta fara riƙe layinta, ba ta kaucewa kowa. A tseren ƙarshe na shekara ta zo ta biyar. Kofin gwarzon sababbin shiga wata yarinya 'yar shekara sha shida daga garin maƙwabta ce ta ɗauka, kuma Nadine ce ta fara miƙewa tana tafi.

A watan Oktoba, ana tsakiyar girbi, muka taru mu uku don ajiye motar kafin sanyi. Vern ya tsiyaye ruwan lagireto, ni na ɗaga ta a kan itace don kada tayoyin su lalace. Bodin duk faci ne, ƙofa wani launi, rufi wani launi. Vern ya ja da baya ya dube ta.

"Baɗi dai fenti take so. Ja, da farin layi."

"Kore," in ji Nadine.

"Kore? A filin tsere? Kowa ya san kore ba shi da sa'a."

"Kore nake so. Irin na ganyen wake."

"Russ, yi wa ƙanwarka magana."

Na ce ni ruwa nake zubawa, ba ruwana da fenti. Suka ci gaba da musu har muka rufe garejin, suka shiga gida da shi. Vern ya sayo koren a watan Janairu, ya fesa shi da kansa yana gunaguni, kuma a gaskiya ban taɓa ganin mota mai muni kamarta ba. Da motar nan Nadine ta yi tsere shekara uku a jere.