Kafaɗar Kakata

Jiya na wuce ta gaban sakandaren gwamnati ta garinmu bayan an ɗauke ruwa, sai ƙamshin jiƙaƙƙen bango ya tuna mini da kakata. 'Yar Gbagyi ce daga Kuyello, ba ta taɓa shiga aji ba. Amma da aka yi gayyar gina azuzuwan farko bayan samun 'yancin kai, a kafaɗa ta riƙa ɗauko duwatsu daga bakin daji, har wurin ya yi kanta.

Shekarar da na ci jarrabawar shiga makarantar, Baba ya ce gona ta fi bukatata. Kaka tana tankaɗen garin dawa, ta ajiye rariya, ta nuna masa kafaɗarta.

"Taɓa nan," in ji ta. "Don wa kake tsammani na yi wannan?"

Baba ya sunkuyar da kai. Ranar Litinin da kansa ya ɗaure akwatina a bayan kekensa.

Makarantar ta yaye malamai da likitoci. Ma'aikaciyar jinyar da ta riƙe hannun Kaka a ciwon ajalinta ma a can ta yi karatu. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya ba jikokinmu masu tsaya musu kamarta.